Ranar Da Ɓerayen Ramlat Suka Mutu

Su goma sha huɗu ne, kuma ko ɗaya bai tsira ba. Ikhlas ce ta fara ganinsu da safiyar Lahadi, da ta kai musu ciyawa kangon da ke bayan gidansu a Hausari. Ƙofar kejin a buɗe, ɓerayen Masar ɗin yayarta Ramlat a kwance, duk sun sandare. Kafin Ramlat ta sauka daga motar Fika, inda ta tafi suna tun ranar Juma'a, rabin unguwa ya hallara a bakin kangon, kuma an riga an yanke cewa guba ce. Ba kare ba ne, ba kyanwa ba, don babu jini, babu cizo.

Bulama, mai unguwar, ya hana kowa shiga, ya aika a kira Bubayaro.

Shi wannan Bubayaro, in ba ku san shi ba, mai bin sawu ne. Shekara talatin da ɗoriya yana bin shanun da aka sace daga kasuwar shanu ta Potiskum, yakan kwana uku a daji a kan sawun saniya guda bai kosa ba. Wai yau shi za a taso a kan ɓera. Da daga wani gida aka aiko, wallahi ko motsi ba zai yi ba. Amma gidan na Alhaji Muhammadu Lawan ne, mahaifin Ramlat, tsohon dillalin shanun da ya ɗauko shi daga ruga yana saurayi, ya ba shi wurin kwana, ya ce wa 'yan kasuwa wannan yana da ido. Don haka ya saɓi sandarsa ya taho, yana ƙunƙuni a hanya.

Ya tarar da Ramlat tsaye da jakar tafiya a kafaɗa, ko cikin gida ba ta shiga ba. Ma'aikaciya ce a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar 'yan mata, kuma shekara biyu ke nan tana kiwon ɓerayen nan, makarantu su karɓa don darasi, wasu iyaye su saya wa 'ya'yansu na wasa. Idanunta sun yi ja.

"Kawu, ka duba min," ta ce. "Ba na son zato. Ka gaya min wanda ya shigo."

Kowane mai bin sawu da yadda yake fara aiki, shi dai Bubayaro ga nasa. Sai ya share ƙasa da tafin hannu a gefe, ya sa mutanen gida su taka ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare wa sawun kowa kallo, sannan ya fitar da su daga kansa gaba ɗaya, don baƙo ake nema, ba mai gida ba. Ikhlas ta taka. Ramlat ta taka. Alhaji Lawan ya dogaro da sandarsa, shi ma ya taka.

Ba a yi minti goma ba baƙon ya fito fili. Takalmin taya ne, dunduniyar hagu ta cinye ta gefe. Ya shigo ta ɓarakar katangar baya, ya zo har bakin keji, ya juya ya fita. Bubayaro ya bi shi a sunkuye, jama'a na biye da shi, ta lungu, ta gefen kwata, har sawun ya tsaya cak a bayan teburin Zarami mai shayi. Ga Zarami tsaye da buta a hannu, ga takalmin a ƙafarsa.

"Dama," in ji wani, sauran suka amsa. Kowa ya tuna. Makonni uku da suka wuce 'yar Zarami, Yagana, ta kamu da makero a ka, saboda tana zuwa wasa da ɓerayen. Aka aske mata kai ƙwal, yara suka sa ta a waƙa, ta daina zuwa makaranta. Zarami ya tsaya a ƙofar gidan Alhaji ya rantse sai ya ga bayan ɓerayen nan. Nan take wani ya ɗage masa hannun riga, sai ga makeron a damtsensa shi ma, zagaye kamar sulalla, aka ce shaidar ya taɓa su ke nan.

Bulama ya dubi Bubayaro. "Sawunsa ne?"

"Nasa ne."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma a Hausari maganar Bubayaro a kan sawu ba a sake ta. Wani direba da ke zaune a benci ya dubi kofin da ke hannunsa, ya juye shayin a ƙasa. Na kusa da shi ma ya juye. Bulama ya ce a ajiye Zarami a zaurensa, bayan la'asar a miƙa shi ga 'yan sanda. To mai shayi da sunan guba, ko an sake shi gobe, wa zai ƙara karɓar kofi daga hannunsa? Bakuna shida ne a gidansa ke ci daga teburin nan.

*

Bubayaro ya kama hanyar gida, amma ƙafarsa ta ƙi. Aikin ya zo da sauƙi, shi kuma bai taɓa yarda da aiki mai sauƙi ba. Ya kai bakin titi, ya sayi goro, ya ciza, ya tofar. Ya juyo zauren Bulama.

Zarami na zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ka shiga kangon?" Bubayaro ya tambaye shi.

"Na shiga, Baba."

"Yaushe?"

"Jiya, bayan la'asar."

"Neman me?"

Zarami ya ɗago kai. Hausarsa mai nauyi ce irin ta Barebari, yau kuma ta ƙara nauyi. "Yagana ta dawo daga aike tana kuka, sun fizge mata ɗankwali a hanya. Raina ya ɓaci. Na ce in buɗe ƙofar su watse, kyanwa ta kama na kamawa. Na je, na ɗora hannu a sakata. Sai suka taho da gudu suna wannan kukan nasu, sun zaci abinci na kawo." Ya girgiza kai. "Na kasa. Na dawo wurin tukunyata."

"Ba ka buɗe ba?"

"Ban buɗe ba. Da ransu na bar su, suna tsalle."

"Me ya hana ka faɗi haka ɗazu?"

"Kai ka ce sawuna ne. Wa zai ji ni bayan kai?"

Maganar ta soki Bubayaro, bai so ba. Ya nuna damtsen Zarami da haɓa. "Wannan fa?"

"Ni nake shafa mata magani da hannuna safe da yamma. Uwarta ma tana da shi a wuya. A kama ta ita ma."

*

Rana ta take, kangon ya zama wayam. Ramlat da Ikhlas kawai ya tarar, sun shimfiɗa buhu suna shirin kwashe gawarwakin.

"Ku dakata," ya ce. Ya fara da Ikhlas, don tun safe ya lura tana kauce wa idon yayarta. "Jiya yaushe kika ba su abinci?"

Ta fara kame-kame, sannan ta fashe da kuka. Ashe tun azahar ta watsa musu ciyawar yamma ta tafi kitso, ba ta sake leƙo su ba sai da safe. Tsoronta a ce yunwa ce ko ƙishirwa ta kashe su. Ramlat ta harare ta, ta ce ga ruwa nan a kwano ko rabi ba su sha ba, ta tafi ta ba mutane wuri.

Bubayaro ya tsuguna a bakin keji. Bai san kan ɓera ba, amma ya san yadda dabba take mutuwa. Wadda ta ci guba takan yi birgima, ta mutu a inda ajali ya same ta, wata a kwana, wata a kan kwano. Waɗannan kuwa ga su a jere, kai da kai, kamar an jera takalma a ƙofar masallaci.

"Ke kika jera su?"

"Ban taɓa su ba, Kawu. Haka aka same su."

Ya ɗauki ɗaya, fari mai jan kunne. A gefen hancinsa da bayan kunne gashi ya zube, fata ta yi ɓawo fari-fari.

"Shi ne makeron," in ji Ramlat. "Daga fuska yake fara musu. Wata sabuwa na saro, lafiya lau a ido, ashe tana ɗauke da shi, ta raba wa sauran. Laifina ne da na bar yara suna ɗaukarsu kafin in gane. Na kai wa likitan dabbobi, ya ba ni magani, ya ce sai na yi mako shida ina shafawa, ina canza musu shimfiɗa, ina wanke kejin. Mako uku na yi. Har sun fara tsiro da gashi." Ta share hawaye da bakin mayafi. "Baba kullum dariya yake min, wai maganin da zai ci mako shida ai ba magani ba ne."

Hankalin Bubayaro na kan abin da ke tafin hannunsa. Cikin ɓeran da ɗan damshi, a wannan zafin na bazara. Ya kai shi hanci. Sabulu.

"Kina musu wanka?"

"Wanka kuma? Ban taɓa ba. Sanyi na kama su."

Ya shinshina na biyu, na uku. Duk sabulun wanki. Wane mai guba ne zai kashe dabba, ya zauna ya yi mata wanka, ya jera ta? Ya lanƙwasa kunnen na hannunsa, ya sa farce a cikin ninkin da ruwa bai kai ba. Farcen ya fito baƙi ƙirin, da maiƙo. Wannan warin kam ko a mafarki ya san shi: baƙin man mota ne, da maganin kaska a ciki. Abin da ake shafa wa maraƙi ke nan a kasuwa idan makero ya kama shi. Maraƙi fatarsa kauri, ya sha rana ya wartsake. Ɓeran da bai cika tafin hannu ba, mai lasar jikinsa dare da rana, ina zai kai?

Ya ajiye gawar ya koma kan ƙasa, wannan karon a hankali. A gefen keji yashi ya yi ɓawo inda aka zubar da ruwa ya bushe. Da safe ya gan shi, ya ɗauka ruwan kwano ne. Yanzu ya ga ruwan ya bi ta kan sawun Zarami ya cinye masa rabin dunduniya. Wato Zarami ya zo ya tafi kafin a zubar da shi. A kan ɓawon kuma, a sama, ga silifa mai jan ƙasa, ga 'yan ramuka zagayayyu a damarta, na gindin sanda. Ga inda mai shi ya durƙusa gwiwa biyu ya daɗe.

Ya gan su da safe. Wallahi ya gan su. Idonsa ne ya tsallake su, don shi da kansa ya koya masa tsallake mutanen gida.

"Kawu, lafiya?"

"Kar ki binne su tukuna," ya ce, ya miƙe da ƙyar.

*

Bai so ya yarda ba, don haka ya bi sawun. Akwai wani layin na silifa da sanda, wanda ya fi daɗewa, ya fita ta ƙofar kango ya yi gabas. Ya bi shi har kwalta ta haɗiye shi, daga nan kuma ba ya bukatar sawu, ya san inda baƙin mai yake. Garejin manyan motoci na hanyar Ngojin ba shi da nisa.

Babagana bakanike ya fito daga ƙarƙashin wata tirela yana goge hannu. Da ya ji tambayar sai ya yi dariya.

"Alhaji Lawan? Ya zo jiya da azahar, da gwangwanin madara. Na ce Baba ai da ka aiko. Ya ce a'a, maraƙi zai yi wa magani, shi ya san irin man da yake so, wanda ya sha tafiya. Na cika masa."

"Maraƙi ya ce?"

"Haka ya ce. Wani abu ya faru ne?"

"Babu," in ji Bubayaro. Rabon Alhaji Lawan da maraƙi ya fi shekara goma.

*

Ya sami Alhaji Lawan a zaure bayan azahar, kan buzunsa, carbi a hannu. Suka gaisa kamar kullum, a tsanake, har da tambayar iyali. Bubayaro ya zauna nesa kaɗan, a inda ya saba zama tun yana saurayi. Ya dubi yatsun da ke jan carbin. An wanke su tas, amma gefen farata baƙi ne.

"Alhaji, daga wurin Babagana nake."

Carbin ya tsaya. Tsohon bai ɗago ba.

"Kai da ido," ya ce can. "Ni na fara faɗa wa mutane."

"Me ya faru?"

"Me zai faru? Yarinya tana ta fama, kullum shafe-shafe, makaranta na jiran kaya. Na ce bari ta yi tafiya in yi mata abin da na sani, ta dawo ta ga aikin manya. Gab da magariba na shafa musu, kaɗan-kaɗan, da gashin kaza. Da na fito daga sallar asuba na leƙa, na tarar biyar sun tafi, sauran suna karkarwa, yawu na zuba. Na ɗebo ruwa da sabulu. Buba, ina wankewa suna mutuwa a hannuna." Ya dubi tafin hannunsa. "Na bar ƙofar a buɗe don a ce kare ne. Ban kawo Zarami a raina ba."

"Amma da aka kama shi kana tsaye."

"Ina tsaye."

"Alhaji, bayan la'asar za a tafi da shi."

"Kwana nawa za su riƙe shi a kan ɓera? Gobe ko jibi su sako shi."

"Su sako shi ya sayar wa wa? Na ga an juye shayinsa a ƙasa."

Tsohon ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Ka san yadda nake a gidan nan? An karɓe makullin babur, wai ba na gani. An hana ni zuwa kasuwa ran Laraba, wai za a ture ni. Magana in na fara, sai su ce to Baba, su ci gaba da tasu. Saura me? Saura a ce tsoho ya rikice, ya kashe wa 'yarsa dabbobi, ya ɓoye kamar yaro. A gaban Bulama, a gaban 'yan unguwa." Ya matso da fuskarsa. "Ba ka yi ƙarya ba. Sawunsa ne ka ce, kuma nasa ne. Ban ce ka ƙara komai ba. Ka tafi gida kawai ka huta."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa, tafiya gida kawai ta isa. Bubayaro ya ji son mutumin nan da tausayinsa sun taso masa, tare da wani fushi da bai san inda zai ajiye ba.

"Ka faɗa da bakinka, Alhaji. Ya fi sauƙi daga wurinka. Zan ba ka wuri."

Alhaji Lawan ya mayar da kai kan carbinsa.

Daga nan har kiran la'asar Bubayaro bai zauna ba. Ya zaga unguwar sau biyu. Ya wuce ta gaban teburin Zarami, ya ga wuta ta mutu, ƙudaje sun rufe burodi, matarsa tana tattara kofuna tana ɓoye fuska. Ya kama hanyar gida da gaske, har ya hango ƙofarsa, sannan ya tsine wa shaiɗan ya juyo.

*

Ƙofar gidan Bulama ta cika bayan sallah. An fito da Zarami an zaunar a tsakiya, ga mai Keke yana jira. Ramlat da Ikhlas na gefe cikin mata. Alhaji Lawan na kan kujera kusa da Bulama, sandarsa a tsakanin gwiwoyi.

Bubayaro ya ratso jama'a da buhu a hannu.

"Bulama, kafin a tafi da shi ina da magana. Da safe na yi kuskure."

Ba a taɓa jin wannan kalmar daga bakinsa ba.

"Sawun Zarami ne, ban janye ba. Ya shiga, kuma ba da alheri ya shiga ba, shi ma bai musa ba. Amma ya fita ya bar su da rai. Bayansa wani ya zo." Ya ciro farin ɓeran ya miƙa wa Bulama. "Shinshina."

Bulama ya yamutsa fuska, ya kai hanci. "Sabulu."

"Duba cikin kunnen."

Bulama ya duba, ya murza baƙin a yatsa. Dattijan da suka yi zaman kasuwar shanu suka miƙo wuya, suka dubi juna. Sun gane warin.

"Ba ci suka yi ba, shafa musu aka yi," in ji Bubayaro. "Daidai inda makeron yake, ba a kuskure ko ɗaya ba. Wanda ya yi, magani ya yi nufi. Da ya ga suna mutuwa ya durƙusa ya wanke su ɗaya bayan ɗaya. Ba maƙiyi ba ne. Yana nan wurin, kuma na fi so ya faɗa da kansa."

Ya kafe idonsa a ƙasa don kada ya nuna kowa. Ya ji tarin wani, ya ji kukan akuya a bayan gida, ya ji bugun zuciyarsa. Ya jira har jiran ya zama abin kunya. Daga kujerar babu motsi.

"To waye?" in ji Bulama. "In babu suna, mu da wanda muka kama muka sani."

Bubayaro ya ɗago. "Sawun yana kan ruwan da aka zubar. Silifa ce, da sanda a hannun dama. Da safe na gan shi na wuce, saboda ni na sa mai shi ya taka a gabana."

Bai kai ga suna ba. Ramlat ce ta fito daga cikin mata, a hankali, ta zo ta tsuguna a gaban mahaifinta. Ta kama hannunsa ta juya, ta dubi faratan.

"Baba?"

Da tsohon ya yi magana, ba ita ya kalla ba, dattijan kasuwa ya kalla.

"A jikin shanu yana yi," ya ce. "Ku gaya mata. Shekara arba'in ina yi, yana yi."

Dattijan suka sunkuyar da kai. Ramlat ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi. Ta ɗauki sandar, ta tallabe shi ta gwiwar hannu kamar mara lafiya, ta ce, "Taso mu je gida, Baba." Ya tashi. Da suka zo wucewa ta gaban Bubayaro, Alhaji Lawan ya kau da kai.

Bulama ya yi gyaran murya ya ce Zarami ya tafi, Allah Ya ba da haƙuri. Mai Keke ya ja abinsa. Jama'a suka watse bibbiyu suna ƙus-ƙus, kuma Bubayaro ya ji da kunnensa wata mata tana cewa ai ko ba shi ba ne, tunda ya shiga da mugun nufi, ita dai mijinta ya bar shan shayin nan.

*

Washegari da sassafe Zarami ya hura wuta kamar kullum. Ya jera burodi, ya goge benci. Direbobi suka fito daga masallaci, suka yi masa sannu da jiya daga nesa, suka zarce teburin da ke bakin titi.

Bubayaro ya zo ya zauna a tsakiyar bencin, inda duk mai wucewa zai gan shi. Shi ba mashayin shayi ba ne, kowa ya sani, da fura ya saba karyawa.

"Haɗa min," ya ce.

Zarami ya haɗa, ya ajiye a gabansa, bai dube shi ba. Bubayaro ya ɗaga kofin sama sosai, ya kurɓa da ƙara. Ya ƙona masa harshe. Can ga Alhaji Lawan ya fito daga masallaci, Ikhlas na jiransa a bakin lungu don ta raka shi, abin da ba a taɓa yi ba. Bubayaro ya miƙe ya gaishe shi. Tsohon ya wuce kamar bai ji ba.

Ya koma ya zauna, ya shanye.

"Zarami, na cuce ka. Ka yafe min."

Zarami ya dubi bencin da babu kowa sai shi, ya dubi cunkoson da ke teburin bakin titi.

"Kofi nawa za ka sha, Baba, kafin su dawo?"

Bubayaro ya tura masa kofin.

"Ƙaro," ya ce.